Da wace tiya ake auna ƙarfin ƴan ta'adda?

Da dare, bayan an ci tuwo, mutanen ƙauye sukan taru bakin rediyo su saurari labarun duniya. Sau da yawa mai ba da labari yakan ce an kashe wani babban shugaban ƴan ta'adda, ko kuwa soja sun ragargaza sansaninsu. Sai jama'a su yi hamdala, wani ya ce, "To, sun ƙare ke nan." Bayan sati biyu ko uku kuma, rediyon nan dai ya ce an faɗa wa wani gari, an kora shanu, an ƙone rumbuna. Nan ne tambaya take tashi a dandali da wuraren karatun yaƙi da jahilci: mutanen nan, ƙarfinsu raguwa yake yi ko ƙaruwa? Kuma da me ake ganewa?

Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya yarda da maganar baki, sai an sa tiya an auna a gabansa. Ita ma wannan magana tana da tiyarta. Amma kafin a kai ga awo, ya kamata mai karatu ya san inda abin ya taso da hanyar da ya biyo har ya iso ƙasar Nijar.

Abin da ya faru a ƙasashen nesa

Ran 11 ga watan Satumba 2001, ƴan ƙungiyar Alƙa'ida suka sace jiragen sama 4 a Amurka, suka kashe mutum kusan 3,000. Wata ɗaya bayan haka Amurka da ƙawayenta suka shiga Afganistan da yaƙi, gama can ne shugaban ƙungiyar, Usama Bin Ladan, yake zaune. Sai a watan Mayu 2011 suka same shi a ƙasar Pakistan, suka kashe shi. Sun yi shekara 20 a Afganistan. A watan Agusta 2021 suka kwashe sojojinsu, ƴan Taliban da aka kora tun farko suka koma kan mulki a birnin Kabul.

Cikin wannan tsakani wata ƙungiya ta ɓullo daga jikin Alƙa'ida a Iraƙi, ita ce ake kira Da'ish. A watan Yuni 2014 ta ci babban birnin Mosul, shugabanta Abubakar Bagadadi ya ce ya kafa daula a Iraƙi da Siriya. Ƙasashe fiye da 70 suka haɗa kai don yaƙarta. An ƙwace Mosul da Raƙƙa a 2017. Gari na ƙarshe da ke hannunta ya faɗi a watan Maris 2019, Bagadadi kuma ya mutu a watan Oktoba na shekarar.

Wanda ya tsaya nan da lissafi zai ce an gama. An kashe shugabanni, an ƙwace birane. Amma akwai wata cibiyar bincike a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, wadda kowace shekara take ƙidayar mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya. Cikin rahotonta na 2025 ta nuna cewa fiye da rabin waɗanda aka kashe a shekarar 2024, a yankin Sahel aka kashe su. Wato wutar da aka danne a Iraƙi da Siriya, a Afirka ta fi ci yanzu.

Yadda abin ya iso Sahel

Tun cikin shekarun 1990 aka yi yaƙin basasa a Aljeriya. Wasu daga cikin waɗanda suka yi saura suka gangaro hamadar arewacin Mali, suka yi aure cikin mutanen wurin, suna sace Turawa ana biyansu kuɗin fansa. A 2007 suka ɗauki sunan Alƙa'ida. Da mulkin Gaddafi ya faɗi a Libiya a 2011, rumbunan makamai suka zama ba mai tsaro, bindigogi suka bazu cikin Sahara. A 2012 Kidal da Gawo da Tumbutu suka fita daga hannun gwamnatin Mali.

Faransa ta kawo soja Mali a watan Janairu 2013, aka ƙwato biranen cikin ƴan makonni. Daga baya rundunarta da ake kira Barkan ta kai soja sama da 5,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da tata runduna fiye da mutum 10,000. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Duk da haka hare-hare suka yi ta gangarowa kudu, daga arewacin Mali zuwa tsakiyarta, daga nan zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar. Sojojin Faransa sun bar Mali a 2022, sun bar Nijar a watan Disamba 2023, na Amurka kuma a 2024. A watan Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen tsaro na kansu.

Ƙungiyoyin da suka taɓa Nijar kashi uku ne. Akwai masu biyayya ga Alƙa'ida, waɗanda suka haɗe wuri ɗaya a watan Maris 2017 ƙarƙashin Iyad Ag Gali. Ƙarfinsu yana Mali da Burkina Faso, sun shigo kudu maso yammacin jihar Tilaberi, har sun taɓa arewacin Benin da Togo. Akwai reshen Da'ish na Sahel a iyakar Nijar da Mali, daga arewacin Tilaberi zuwa arewacin Tawa. Su ne suka kashe soja 71 a Inates cikin Disamba 2019, da soja 89 a Shinagodar cikin Janairu 2020. Sai Boko Haram a tafkin Cadi, wadda ta fara kawo hari Boso da Difa ran 6 ga watan Fabrairu 2015, ta kuma rabe gida biyu a 2016.

Mutanen Maraɗi sun san wani bala'i na huɗu, wato ƴan bindiga masu satar shanu da mutane da ke ƙetarowa daga dazuzzukan Zamfara da Sakkwato da Katsina. Saboda su ne dubban ƴan gudun hijira suka shigo yankin Gidan Runji tun 2019. Waɗannan kuɗi ne a gabansu, ba su da wata da'awa. Amma hanyar da bindiga da moto da shanun sata suke bi guda ce, don haka ba a raina su cikin lissafi.

Lissafin kawuna ba ya isa

An kashe Muhammad Yusuf a Maiduguri a watan Yuli 2009. Abubakar Shekau da ya gaje shi ya fi shi zub da jini nesa ba kusa ba. Shekau ya mutu a dajin Sambisa a 2021, amma ɓangaren da ke bin Da'ish yana nan a bakin tafki. Sojojin Faransa sun kashe Abdulmalik Durukdel, babban shugaban Alƙa'ida na yankin, a watan Yuni 2020. Shekara 4 bayan haka, ran 17 ga Satumba 2024, mutanen Iyad Ag Gali suka kai hari cikin Bamako, kan makarantar jandarma da filin jirgin sama. An kashe Abu Walid Sahrawi, wanda ya kafa reshen Da'ish na Sahel, a 2021. Cikin 2022 da 2023 mutanensa suka mamaye mafi yawan karkarar jihar Menaka ta Mali.

Dalili shi ne ƙungiyoyin nan ba su da fada guda wadda in ta faɗi kome ya faɗi. Kowane daji da kwamandansa, kowane kwamanda da hanyar samun kuɗinsa. Sunan Alƙa'ida ko Da'ish tuta ce suka ɗauka daga nesa, amma hatsin da suke ci da samarin da ke riƙe musu bindiga na nan kusa ne.

Ƙidayar mayaƙansu ma ba ta nuna gaskiyar lamari. Wani da rana makiyayi ne ko ɗan kasuwa, sai an kira shi ya ɗauko bindiga daga inda ya bizne ta. Wani bai taɓa harbi ba, aikinsa kai isansi cikin bido, ko gyaran moto, ko buga waya ya ce ga soja nan tafe. Su kuma ƴan ta'addan da gangan suke ƙara gishiri cikin labarin hare-harensu, suna yaɗa hotuna ta salula, don tsoro shi ne rabin makaminsu.

Manomi ya san ƙuduji. Furen da ake gani a sama ƙaramin abu ne. Ɓarnar tana ƙarƙashin ƙasa, inda ya manne wa saiwar hatsi yana tsotsa, kuma irinsa yana iya kwana fiye da shekara 10 cikin gona yana jiran shuka. Ya fi son gonar da ta gaji, wadda ta daɗe ba ta ga taki ba. Mai son sanin ƙarfin ƴan ta'adda, saiwa zai duba. Ga abubuwa huɗu da ake aunawa.

Tiya ta farko: wa ke karɓar kuɗi?

Yaƙi ba ya yiwuwa sai da kuɗin harsashi da isansi da abinci. A arewacin Tilaberi da Tawa ƴan bindiga sukan zo ƙauye su ƙidaya dabbobi su ce a ba da zakka, wanda ya ƙi a kora garkensa duka ko a kashe shi. Malamai sun karantar cewa zakka tana da nisabi da lokaci: shanu 30 ake fitar wa ɗan maraƙi, tumaki ko awaki 40 ake fitar wa guda, kuma matalauta ne a sahun gaba na masu cin ta. Abin da ake karɓa da bakin bindiga a sayi harsashi, ƙwace ne aka sa wa rigar addini. A tafkin Cadi suna karɓar haraji daga masunta da makiyaya da masu fataucin kifi. A Mali da Burkina Faso suna cin rabo a ramukan haƙar zinari. Ga kuɗin fansa, ga shanun sata da ake sayarwa a kasuwanni da araha. Duk garin da mutane ke biyansu kowace shekara, su ne masu ƙarfi a wurin ko da ba a ga tutarsu ba. Garin da ya daina biya ya kuma kwana lafiya, nan ƙarfinsu ya karye.

Tiya ta biyu: wa ke samun samari?

In aka kashe mutum 50 suka ɗauki 80, ba su ragu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda suka tuba suka fito sukan ba da dalilai masu kama da juna: an yi wa wani alkawarin moto da kuɗin aure, an sace wa wani dabbobinsa bai sami mai bi masa hakki ba, an kashe wa wani ɗan'uwa yana neman ramuwa, wani kuwa kama shi aka yi da ƙarfi yana yaro. A iyakar Nijar da Mali an yi shekaru ana rigimar makiyaya da satar shanu tun kafin Da'ish ta zo, ita kuwa ta zo ta ce ga bindiga, ku kare kanku. A tsakiyar Mali, ran 23 ga Maris 2019, ƴan banga suka kashe Fulani fiye da 150 a ƙauyen Ogosagu, har da mata da yara. Irin wannan aiki kyauta ce ake yi wa ƴan ta'adda, gama duk wanda ya tsira sun sami abin da za su gaya masa. Ɗora laifin mutum goma kan ƙabila guda yana ƙara musu soja.

Tiya ta uku: hanya da kasuwa da lakwal

Bayan abin da ya faru a Mosul da Tumbutu, ƙungiyoyin nan sun gane cewa riƙe birni yana jawo musu ruwan bama-bamai. Sai suka koma tare hanyoyin da ke ciyar da birni. Tun 2022 suka kewaye garin Jibo na Burkina Faso, abinci ba ya shiga sai da rakiyar soja ko ta jirgi. A watan Satumba 2025 suka fara ƙone motocin dakon mai da ke zuwa Bamako, har aka rufe makarantu na wani lokaci don rashin isansi. A Burkina Faso makarantu fiye da 6,000 ne suke rufe a farkon 2023, mutane fiye da miliyan 2 kuma sun bar gidajensu. A jihar Tilaberi ma ɗaruruwan lakwal sun rufe saboda barazanar da ake yi wa mushe. Saboda haka tambayoyin awo masu sauƙi ne. Kasuwar mako tana ci? Mai mota yana bin hanya ba rakiya? Likita yana kwana a gari? Maigari yana gidansa ko ya koma birni? Manomi yana iya noma gonarsa ta nesa?

Tiya ta huɗu: wa ake kai wa ƙara?

Wannan ta fi sauran ɓoyuwa. A wasu yankunan tsakiyar Mali, in shanu suka shiga gona ko aka yi rigimar gado, mutane sukan kai ƙara daji wurin masu bindiga, don ana yanke magana cikin yini guda ba a karɓi kome ba. Wanda aka yanke wa hukunci ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara, amma ya bi don tsoro. Ranar da talaka ya fi amincewa da shari'ar daji bisa ta alƙali da sarki, ƴan ta'adda sun ci garin ba tare da harbi ba. Tare da wannan akwai shiru. In baƙi masu bindiga suka kwana kusa da gari, kowa ya sani amma ba wanda ya gaya wa hukuma, to tsoronsu ya fi amanar da ke tsakanin jama'a da masu tsaronta. Da ɗan gari akan ci gari.

Inda rauninsu yake

In aka auna da tiyoyin nan, za a ga ƙarfinsu a karkarar Sahel ya fi na shekara 10 da suka wuce. Faɗin haka ba tsoratarwa ba ne, kuma awon nan dai yana nuna rauninsu.

Ba su da jirgin sama, ba su ƙera bindiga, ba su tace isansi. Abubuwa da yawa nasu sai an sayo daga kasuwa an kai musu. Ba su iya riƙe babban birni da daɗewa: Tumbutu da Gawo ba su cika shekara a hannunsu ba, Gwoza da Shekau ya ci a watan Agusta 2014 ta kuɓuce masa a watan Maris 2015. Kansu ba a haɗe yake ba. Tun wajen 2020 mutanen Alƙa'ida da na Da'ish suke kashe juna a Mali da Burkina Faso, Shekau ma abokan tafiyarsa na dā ne suka rutsa shi. Bayan mutuwarsa dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya a jihar Borno. A Nijar tun Disamba 2016 hukuma ta buɗe ƙofar tuba, aka kafa cibiya a Gudumariya inda tubabbun ƴan Boko Haram suka koyi sana'a kafin su koma cikin jama'a.

Babban rauninsu kuwa shi ne jinin da ke hannunsu. Ran 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a zangunan makiyaya na yankin Tiliya cikin jihar Tawa. Ran 21 ga Maris 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita cikin jihar Tilaberi, suna sallar Juma'a cikin watan azumi. Mafi yawan waɗanda suke kashewa Musulmi ne talakawa. Biyayyar da ake yi musu ta tsoro ce, irin wadda take ƙarewa ran da mutane suka sami wanda zai kare su ya kuma zauna tare da su.

Darasin Difa da na Banibangu

A 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. Aka hana hawan moto, aka tsai da cinikin kifi da tattasai don Boko Haram na cin haraji a kansu, aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Matakin ya toshe wa abokan gaba wata hanyar kuɗi. Amma ya bar masunta da ƴan kabu-kabu da manoman bakin Komadugu ba sana'a, saurayi mai zaman banza kuwa shi ne wanda ɗan ta'adda ke nema. Daga baya hukuma ta sassauta, aka koma noman tattasai da kamun kifi. Abin da aka koya shi ne a auna kowane mataki da tiya ta farko da ta biyu tare, kada a rage musu kuɗi a ƙara musu samari.

A Banibangu, inda aka yi ta kashe-kashe a 2021, shugabannin Zabarmawa da Fulani da sauran al'ummu sun zauna sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a watan Janairu 2023. Yarjejeniya ba ta korar mai bindiga daga daji, wannan aikin soja ne. Amfaninta shi ne ta rufe tsagar bangon da yake shiga ta ciki.

Abin da ke hannun mutanen karkara

Mafi yawan ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da kudancin Tawa suna noma suna cin kasuwa lafiya, kuma nan ne rigakafi yake da araha. Mutanen Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci mutum fiye da 100 a 1991. Tun 1993 ƙasar Nijar take da dokar karkara, akwai kuma kwamitocin Kofo masu shata burtali da mashaya da rubuta takardun gonaki. Manomin da ya cinye burtali, da makiyayin da ya saki dabbobi cikin gona kafin a buɗe daji, duka biyu suna share wa baƙon bala'i hanya. A kai rigima wurin maigari da sarki da Kofo tun tana ƙarama, su kuma masu yanke hukunci su yanke da gaskiya, da sauri, ba tare da duban aljihu ba.

Mahauci da dillali su tambayi asalin saniyar da aka kawo da rabin kuɗinta. Mai sai da isansi ya lura da baƙon da ke cika bido goma ya nufi daji. Uba ya san inda ɗansa ya sami sabon moto alhali bai yi noma ba bai je ci-rani ba. Malamai su karantar da nisabin zakka da haramcin jinin mutum a fili, yadda yaro ba zai ruɗu da wa'azin cikin salula ba. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya gaya wa maigari ko jandarma, su kuma su rufa masa asiri, gama in sunan mutum guda ya fita aka kashe shi, gari duka zai yi shiru.

In rediyo ya sake cewa an kashe wani shugabansu, a yi hamdala, a yi wa sojojin da suka ba da ransu addu'a. Sa'an nan a tambaya ko kasuwar Banibangu tana ci, ko lakwal ɗin da aka rufe a Tilaberi sun buɗe, ko masuntan Boso sun shiga ruwa ba su biya kowa ba. Allah shi kiyaye ƙasar nan da maƙwabtanta, shi ba da damina mai albarka. Amin.